Layu Huɗu a Cikin Bango

Tirfil mai tsawon mita ashirin. Sukudireba biyu. Na'urar awon wuta. Sabuwar soket a kwalinta. Cinyar rago a baƙar leda. Kwalbar humra.

Abin da ke bisa cinyata ke nan ranar Litinin da hantsi, a cikin tasi mai zuwa unguwar Abena, inda sabon gidan ango yake, mu huɗu a kujerar baya, ledar naman tana jiƙa mini lafaya. Naman da humrar na Inna ne, ta ce a aika wa Hajja Zainabu, mahaifiyar wanda zan aura. Sauran kayan nawa ne.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: sunana Ruwaida. Babana mahauci ne, kakana ma haka. Ni ce na fita daga layi, na yi shekara biyar a Maroko ina koyon aikin wutar lantarki, na dawo Injamena da takarda da kuma shekara ashirin da takwas. Takardar ba wanda ya tambaye ni ita. Shekarun kuwa har maƙwabta sun taya ni ƙirgawa.

Wanda zan aura Muntasir ne, ɗan masu shagon yadi a unguwar Kilemat, shagon da ke nan tun zamanin Faransa. Saura kwana goma sha biyu a ɗaura. Ina son sa. Na faɗa sau ɗaya, ba zan maimaita muku ba.

Wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Injiniya, kin taso? Kilim ɗin sanyaya ɗaki ya iso, soket kawai yake jira a ɗakin kwana. Kada ki bar mijinki ya narke."

A ƙasansa ga saƙon murya daga Inna: "Ruwaida, amarya ba ta ganin ɗakinta kafin a kai ta. Tunda kin nace, ki ja lafaya ki rufe fuska, ki shiga ki fito. Kuma don girman Allah kada ki hau tsani a gaban mutane."

Ina isa na hau tsani.

Gidan ya yi kyau, ba zan rage masa ba. Ɗaki biyu da falo, fenti ruwan madara, tayil fari har madafa, randunan ƙasa biyu na ƙauyen Gawi a ƙarƙashin darbejiya. Muntasir ya tarye ni cikin farar jallabiya yana ƙamshi, a bayansa Baba Ɗan'azumi, tsohon mai aikin wuta wanda ya ja wayoyin gidan, da fensir a bayan kunne.

Bari in yi muku bayani kaɗan, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya faɗar mini da gaba ba. Waya ba ta tafiya tsirara cikin siminti. Bututun roba ake binnewa a bango, wayar ta bi ta cikinsa. Inda hanya ta karkata a sa gwiwa. Inda wayoyi za su haɗu su rabu kuwa, can sama kusa da silin, a sa ƙaramin akwati da muke ce wa bwat, murfinsa a waje, don duk ranar da wani abu ya faru a buɗe a duba. Tirfil doguwar igiya ce mai tauri: ka zura ta a bututu, ta fito ta bwat, ka ɗaura mata waya ka jawo.

Na kwance makunnin ɗakin kwana na zura tirfil. Ta hau mita ɗaya da rabi, ta tokari wani abu. Ba siminti ba ne, siminti yana amsawa. Wannan abin laushi gare shi. Na ɗaga kai in nemi murfin bwat. Bango sumul. Na shiga falo, na shiga ɗaki na biyu, na shiga madafa. Babu murfi ko ɗaya a gidan nan. Na dawo na ƙwanƙwasa bangon da gindin sukudireba, a daidai wurin ya yi amo kamar fanko.

"Baba, ina bwat ɗinka?"

"Suna nan, Injiniya."

"Na ji suna nan. Wa ya shafe su da siminti?"

Ya dubi Muntasir. Muntasir ya dubi wayarsa.

"Yaya Muntasir, da kai nake."

"Sauko tukuna," in ji shi. "Ba a magana da miji daga sama."

"Ba a ɗaura ba tukuna. Me ke cikin bangon nan?"

Ya sosa ƙeya. "Layu ne. Na Hajja. Huɗu, don tsarin gida."

Baba Ɗan'azumi ya cire hularsa ya share zufa. Ya ce ana gobe za a yi filasta Hajja ta zo da su a ƙulle a gefen lafaya. Kowace laya ta kai tafin hannu, takarda ce a naɗe da auduga da zare. Tana neman inda za a haƙa a binne, sai idonta ya faɗa kan bwat ɗin a buɗe. Ta ce ai ga ramuka nan Allah ya tanada, a sama, inda ƙafa ba ta takawa.

"Kuma suka shiga? Da domino a ciki?" Domino shi ne ƙaramin maɗaurin da ake matse bakin wayoyi da shi da ƙusoshi.

"Ina za su shiga? Cire domino na yi. Na murɗe wayoyin, na naɗe da salatif, na danna."

"Ka danna."

"Na danna, 'yar nan. Hajja na tsaye a gindin tsani. Ke da za ki ce mata a'a?"

Ku saurara, masu karatu. Wayar da aka murɗe da hannu tana saki. Zafin garin nan ya buɗe ta da rana, ta tsuke da sanyin asuba, yau da gobe haɗin ya yi sako-sako. Haɗi mai sako-sako zafi yake yi, idan kilim yana jan wuta ta cikinsa ja yake yi kamar garwashi. Babban makunni ba zai faɗi ba, don shi a ganinsa komai lafiya. Salatif ya narke. A jikinsa kuma ga auduga da busasshiyar takarda. Ba lallai yau ba, ba lallai bana ba. Amma an riga an hura, jira kawai ake.

Na faɗa wa Muntasir haka, a taƙaice.

Ya yi dariya, dariyar ba ta kai idonsa ba. "Ke dai Maroko ta ɓata ki. Rabin gidajen garin nan da salatif suke tsaye."

"Rabin gidajen garin nan ba a cusa musu auduga a bwat ba."

"Mafi mushkila, ba matsala, Ruwaida. Sa mini soket ɗina kawai."

"Ba hanya. Yaushe za a kawo mitar wuta?"

"Alhamis."

"A buɗe bangon kafin Alhamis."

"Wannan kuma ba ni ba. Hajja ce."

"To, gobe zan je wurin Hajja."

Baba Ɗan'azumi ya ce, "La ilaha illallahu," ya mayar da hularsa.

Na san abin da za ku ce. Yarinyar da saura kwana sha ɗaya a kai ta ba ta zuwa gidan suruka da ƙafarta, balle da magana a baki. Na sani. Na sa lafaya baƙa mai ƙaramin fure, ban shafa komai a fuska ba, na je Kilemat ranar Talata bayan la'asar.

Hajja Zainabu na zaune a kan darduma a barandarta, carbi a hannu, turaren wuta na tashi a kasko. Doguwa ce, siririya, ba ta ɗaga murya. Na durƙusa nesa da ita na gaishe ta, kaina a ƙasa.

"Lale, bitti, 'yata. Matso. Innarki lafiya? Nama ya iso, an gode."

Ta sa aka kawo shayi. Ta bari na sha rabi.

"Muntasir ya ce kin ƙwanƙwasa mini bango."

"Na ƙwanƙwasa, Hajja."

"Me ya gaya miki, bangon?"

Na faɗa mata. Na zaɓi kalmomi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na ce ba da rubutun nake ba, ayar Allah ba ta ƙona gida. Takardar da audugar nake tsoro, da wurin da aka sa su. Na ce a fito da su a binne a wani wurin, ni da hannuna zan haƙa ramin.

"Malam Zakariyya ne ya rubuta su," in ji ta. "Ya ce in an rufe, kada haske ya sake ganin su. Ya rasu da azumin bara. Wa zai sake rubuta mini?"

Ta ɗago ido ta dube ni.

"Kin san Aminatu?"

Na san sunan. Ƙanwar Muntasir ce, ta rasu tun kafin in san shi. An ce gobara ce, ban taɓa tambayar fiye da haka ba.

Hajja ta nuna wani ɗaki da carbinta, ɗakin da ke rufe da kwaɗo a ƙarshen baranda. "Nan. Shekara bakwai ke nan. Da rana tsaka, bayan azahar. Ta dawo daga makaranta, ta kunna fankarta ta kwanta. Babu murhu a ɗakin, babu fitila, babu turare. Wutar daga cikin bango ta fito, bitti. Daga bango, kamar an aiko ta. Kafin a karya ƙofa hayaƙi ya gama da ita. Shekararta goma sha tara, an sa mata rana." Ta ja carbi ɗaya. "Wanda ya aiko wutar nan ya san inda ya aika. Ba zan bari ya sake samun gidan ɗana a buɗe ba."

Ni na san irin wutar da ke fitowa daga bango da rana tsaka, fanka na juyawa. Ba a aiko ta. Jawo ta ake, da waya. Amma wannan ba maganar da ake faɗa wa uwa ba ce a gaban ƙofar ɗakin.

"Akwai wata hanya, Hajja," na ce. "Ba sai an taɓa layun ba. A yanke wayoyin cikin bango daga tushe, su zauna babu wuta har abada. A ja sabon bututu ta saman bango, fari, siriri, da gwiwoyinsa da maƙalansa, da bwat masu murfi. Aikin yini biyu ne. Layunki na nan yadda Malam ya ce."



"Ta saman bango," in ji ta. "Irin na ɗakin ƙanƙarar da babanki ke ajiye nama."

"Irinsa."

"Mu ba mu saba kwana a ɗakin nama ba, bitti."

Ta ci gaba, muryarta ba ta canza ba. "Ranar jere mata za su cika gidan nan. Kowace ta ɗaga kai ta ga bututu ya bi sabon fenti kamar tsutsa, ta tambaya. Me za a ce mata? A ce tsarin da Hajja ta sa ne zai cinye gidan, amarya ta zo ta cece su?"

"A ce ni ce mai kafiya."

"Wannan sun riga sun sani." Ta ajiye carbin. "Ji nan. Ranar Alhamis ana sa wuta zan tare a gidan, kwana bakwai, in turara shi kafin ki shigo. A ɗakin kwananku zan kwana, kilim a kunne. In na fito lafiya, kin ga bangon ya yi miki ƙarya. Kalas, magana ta ƙare. Ki gaida Innarki."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Inna na tsakar gida tana yanka kuɓewa, ba ta ɗago ba.

"Kin je kin koya wa Hajja Zainabu zaman duniya?"

"Inna, gidan zai iya kamawa da wuta."

"Gidan kowa zai iya kamawa da wuta. Namu ma." Ta buga wuƙar a faranti. "Kin san shekara nawa na yi ina jin ana cewa 'yar Lami ta tafi ƙasar Larabawa ta koyo aikin maza? Yau gidan mutunci sun rufe ido ga wuƙar babanki sun nemi ki, ke kuma sai kin tona musu bango? A bar kaza cikin gashinta, Ruwaida. Ki shiga tukuna. In kin haihu ɗaya, biyu, kika yi nauyi a gidan, ki rushe shi ma in kin so."

"In na kai lokacin."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!" Ta nuna ni da wuƙar. "Yanzu ki kira ta ki ba ta haƙuri."

Ban kira ba. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, akwatunan lefe jere a gabana har sun kusa rufe taga. Da ni kaɗai ce, da sauƙi: in ce ba zan kwana a gidan ba, a yi duk abin da za a yi. Amma ko na janye, ranar Alhamis tsohuwar nan za ta kwanta ƙarƙashin bwat ɗin, kilim na ja. In ta fito lafiya, wata za ta shiga bayanta, da 'ya'ya.

Na rubuta wa Muntasir: "Ka hana a sa mita."

Ya karanta. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake. Abin da ya zo: "Ki yi haƙuri, habibti. Kwana sha ɗaya ne kawai."

Na kira Baba Ɗan'azumi ana kiran magariba.

"Baba, makullin gidan yana hannunka?"

"Yana nan." Ina jin ruwan alwalarsa na zuba. "Tun ranar da na danna layun nan ban ji daɗin tuwo ba, Injiniya. Bututu mita nawa kike so?"

"Tamanin. Bututu mai santsi, ba mai gaɓa-gaɓa ba. Gwiwa talatin, mahaɗi ashirin, maƙalai kwali biyu, bwat shida. Da domino, Baba."

"Da domino," in ji shi.

Laraba da sassafe na same shi a ƙofar gidan, an sauke bututun daga amalanke, dami biyu, fari tas. Na sa wandon aikina a ƙarƙashin lafaya. Muka shigar da kayan tsakar gida. Ya miƙo mini makullin, ya ce shi zai fara auna falo, kuma in an tambaye shi bai ga komai ba, ya tsufa.

Ina jawo dami na ƙarshe babur ya tsaya. Muntasir ne, babu hula, jallabiyar jiya ce a jikinsa. Wani maƙwabci ya kira shi. Ya dubi bututun, ya dube ni. Na tsaya a bakin ƙofa, hannuna a kan ƙyaure.

"Ruwaida, mayar da kayan nan."

"A'a."

"Hajja ta ce in ƙusa ɗaya ta shiga bangon nan, a je a karɓo lefe."

"Yana nan a jere, ban buɗe ko ɗaya ba."

"Ke wace irin mace ce?" Ya matso, ya rage murya. Idonsa ja, kamar wanda bai runtsa ba. "Kina tsammanin ban gane abin da kika faɗa ran Litinin ba? Na gane. Na riga ki ganewa."

"To me ya sa ka tsaya ana dannawa?"

Ya dubi titi. Wata mai tallar madara ta wuce, ya jira ta yi nisa.

"Fankar Aminatu," in ji shi. "Ɗakinta ba shi da soket. Tana ta kukan zafi. Ni na ja mata waya daga falo, na fasa bango da ƙusa na tura ta, babu bututu, babu komai. Na murɗe, na sa salatif, na shafe da siminti don kada mahaifinmu ya yi faɗa. Har rawa ta yi mini ranar. Wata uku tsakani."

Ya dawo da idonsa kaina, ya ci gaba.

"Ba wanda ya sani. Hajja na ganin turo wutar aka yi, da wannan take iya barci. In bututun nan ya hau bango za ta zauna ta yi tunani. Ba wawiya ba ce. Za ta tambaya wa ya sa wa Aminatu fanka, kuma ta san amsar. Kina so uwata ta dube ni ta ga wanda ya kashe mata 'ya?"

Masu karatu, na so in riƙe hannunsa. Ban riƙe ba. Na dube shi, mutumin da ya ɗauki wannan abu shekara bakwai shi kaɗai, kuma ya tsaya yana kallo aka sake naɗa irinsa guda huɗu a gidan da zai kawo ni.

"Gobe Hajja za ta kwana a ɗakin nan," na ce.

"Kwana bakwai ne. Babu abin da zai faru a kwana bakwai."

"Haka ka ce wancan karon?"

Ya yi baya kamar na mare shi. Na san maganar ta yi nauyi, ban janye ta ba.

"Abin da ka faɗa mini ba zai fita daga bakina ba," na ce. "Ko Hajja, ko Inna, ko kowa. In ta tambaya, ka ce 'yar mahauta ce ta yi taurin kai ta ɓata maka fenti. Ta tsane ni, zan iya ɗauka."

"Ruwaida, don Allah. In kika shiga, babu aure."

Daga cikin falo na ji Baba Ɗan'azumi yana jan tsani a kan tayil.

Na shiga. Na tura ƙyauren ƙarfen har ya haɗu, na zura sakata. Ina jin numfashinsa ta ɗaya gefen.

"Da aure ko babu aure, Yaya Muntasir," na ce ta jikin ƙofar, "yau zan yanke wayoyin nan daga tushe. Wuta ba za ta sake bi ta cikin bangonku ba."